Shaidar Zur a Birnin Wilminton

A ajin masu shirin baftisma, idan aka zo kan dokar nan ta Allah wadda ta hana shaidar zur, yawancin masu koyo sukan ɗauka maganar ɗakin shari'a ce kawai: mutum ya tsaya gaban alƙali, ya rantse, ya faɗi abin da bai faru ba. Haka ne, amma dokar ta fi wannan faɗi. Akwai wata irin shaidar zur wadda mai yinta ba ya bukatar ƙaga labari tun daga tushe. Sai ya zauna da labarai ɗari a gabansa, ya tsince biyar masu muni, ya ƙara musu gishiri, ya yi ta maimaita su kowace safiya, sauran kuwa ya kulle su a akwati. Da irin wannan shaida aka hallaka mutane a birnin Wilminton na ƙasar Amurka a shekara ta 1898, aka kuma ƙwace wa baƙaƙen fata na jiha guda ƙuri'arsu har fiye da shekara 60.

Wilminton yana bakin Kogin Kep Fiya, a jihar Karolina ta Arewa. A lokacin nan shi ne birni mafi girma a jihar. Ƙidayar 1890 ta nuna mutanensa sun kai 20,000, fiye da 11,000 daga cikinsu kuwa baƙaƙen fata ne, waɗansu an haife su cikin bauta, waɗansu 'ya'yan bayi ne. An hana bauta a Amurka a 1865, a 1870 kuma aka gyara tsarin mulkin ƙasa aka ce ba za a hana namiji jefa ƙuri'a saboda launin fatarsa ba. Cikin shekara 30 da samun 'yanci, baƙaƙen Wilminton suka zama magina, maƙera, masu aski, masu gidajen abinci, malaman makaranta, lauyoyi da likitoci. Suna da manyan majami'u nasu na kansu. Shugaban kwastan na tashar jiragen ruwa, John C. Dancy, baƙar fata ne, kuma sananne ne a ikilisiyar Metodis ta baƙaƙe. Suna da jarida mai fitowa kullum, Daily Record, wadda wani saurayi mai suna Alexander Manly yake gudanarwa.

Sai mai karatu ya lura da abu guda, gama siyasar Amurka ta juya tun daga lokacin. A zamanin nan jam'iyyar Dimokurat ita ce ta manyan Turawan Kudu, waɗanda iyayensu suka mallaki bayi. Baƙaƙe kuwa suna bin jam'iyyar Ripablikan, ta Shugaba Lincoln wanda ya yi shelar 'yanta bayi.

Abin da ya tayar da hankalin manyan Turawan shi ne talaucin 'yan'uwansu. Farashin auduga ya faɗi warwas, bashi ya yi wa ƙananan manoma katutu, kamfanonin jirgin ƙasa suna tsawwala musu kuɗin ɗaukar kaya. Sai manoman nan farare suka bar Dimokurat suka kafa jam'iyyar talakawa, suka haɗa kai da Ripablikan, wato da baƙaƙe. Wannan haɗin gwiwa ya ci majalisar jiha a 1894, a 1896 kuma ya naɗa Daniel Russell gwamna. Suka rage ruwan bashi zuwa kashi 6 cikin ɗari, suka ƙara kuɗin makarantu, suka mayar wa jama'a ikon zaɓen shugabannin yankunansu. A Wilminton magajin gari Bature ne, Silas Wright. Cikin kansiloli 10, uku ne baƙaƙe. A jihar gaba ɗaya baƙaƙe kashi ɗaya ne cikin uku na jama'a, 'yan majalisarsu kuwa 'yan kaɗan ne ƙwarai. Wannan shi ne abin da aka sa wa suna "Mulkin Baƙar Fata".

Shugaban Dimokurat na jihar, Furnifold Simmons, ya ga in aka yi zaɓen 1898 a kan maganar auduga da bashi, jam'iyyarsa za ta sāke faɗuwa. Dole a ba talakan Bature wani abin tsoro da ya fi yunwa. Ya ce yana bukatar mutane iri uku: masu iya rubutu, masu iya magana, da masu iya hawan doki. Masu dokin su ne 'Yan Jar Riga, waɗanda suke yawo da bindigogi suna dukan mutane da dare. Amma masu rubutu su ne suka fara aiki.

Babbansu shi ne Josephus Daniels, mai jaridar News and Observer a Rali, babban birnin jihar. Ba a san Daniels da shashanci ba. Mai bin ikilisiyar Metodis ne sosai, ba ya shan giya, har daga baya, sa'ad da ya zama ministan sojan ruwa, ya hana giya a jiragen yaƙin Amurka a 1914. Wannan mutum mai kamun kai shi ne ya mai da jaridarsa gidan shaidar zur. Hanyarsa mai sauƙi ce. Duk inda baƙar fata ya yi laifi a jihar, ko aka zarge shi da laifi, sai labarin ya hau shafin farko da manyan baƙaƙe. Wata baƙar mace ta ƙi kauce wa Baturiya a hanya, labari ne. Wani ɗan sanda baƙi ya kama Bature mashayi, labari ne. Ma'aikaci baƙi ya mayar wa maigidansa magana, labari ne. Amma malamar da take koya wa yara 50 karatu, da bazawarar da ta biya harajinta, da dattijon ikilisiya da ya yi shekara 20 yana jefa ƙuri'a cikin natsuwa, ba wanda ya taɓa ganin sunansu. Laifin Bature kuwa nasa ne shi kaɗai. Laifin baƙi na dukan baƙaƙe ne, da na duk wanda ya zaɓi jam'iyyarsu.

Daniels ya sani da yawa daga cikin manoman da yake nema ba su iya karatu ba, ya kuma sani gani ya kori ji. Saboda haka ya sa wani matashi mai zane, Norman Jennett, ya riƙa yi masa hotuna. Wani zanen ya nuna wata ƙatuwar ƙafar baƙin mutum ta take wani ɗan ƙaramin Bature. Wanda aka fi tunawa da shi ya fito ran 27 ga Satumba 1898: wani dodo mai fikafikan jemage da fuskar baƙin mutum, yana fitowa daga akwatin zaɓe, ya miƙa faratansa zai cafke mata da mazan Turawa. A lura da inda dodon ya tsaya. Ba daga kurkuku ko daga mashaya aka nuna ya fito ba, daga akwatin zaɓe ne. Abin da ake koya wa mai kallo shi ne, ƙuri'ar baƙar fata ita kanta ce mugun abu.

Akwai wani James Young, baƙar fata, kanar na soja, wanda gwamna ya sa cikin kwamitin da yake lura da makarantar makafi da kurame ta jiha. Naɗin gaskiya ne. Amma zanen da aka yi ya nuna shi yana leƙa ɗakunan kwanan 'yan mata makafi na Turawa. Haka aikin yake tafiya: ƙwayar gaskiya ɗaya, buhun ƙarya guda. Bayan shekara 43, a littafin tarihin rayuwarsa na 1941, Daniels da kansa ya yarda cewa ba su cika damuwa da tantance labaran nan ko bin diddiginsu ba kafin su buga.

Sa'an nan aka sami abin da ake nema. A watan Agusta 1897 wata Baturiya ta jihar Jojiya, Rebecca Felton, ta yi jawabi ta ce in sai an riƙa rataye baƙaƙe dubu kowane mako ne matan Turawa za su tsira, to, a rataye su. Shekara guda bayan haka, da zaɓe ya matso, wata jaridar Wilminton ta tono jawabin ta sāke buga shi. Manly ya kasa haƙuri. Ran 18 ga Agusta 1898 ya amsa a Daily Record. Ya ce ba kowane zargin fyaɗe ne gaskiya ba, waɗansu tarayya ce ta yarda wadda asirinta ya tonu. Ya ce mazan Turawa sun daɗe suna lalata da baƙaƙen mata ba wanda ya ce uffan, ya kamata su fara koya wa nasu tsarki. Manly bai yi maganar da ka ba, gama shi kansa fatarsa fara ce sol, ana kuma danganta jininsa da wani tsohon gwamnan jihar. Ko hikima ce ya faɗi haka a irin wannan lokaci, ana iya gardama. Jaridun Dimokurat dai suka yanko layukan da suka fi zafi, suka bar inda ya la'anci laifin ko wane ne ya yi shi, suka yi ta buga su da manyan baƙaƙe har ranar zaɓe.

Aka kuma baza jita-jita cewa baƙaƙe suna tara makamai. Gaskiyar ita ce, da waɗansunsu suka rubuta wasiƙa suna neman sayen bindigogi, kamfanin ya ƙi, wasiƙar kuwa ta ƙare a shafin jarida. Turawan birnin ne suka cika gidajensu da bindigogi, attajiransu har suka haɗa kuɗi suka sayi bindiga mai aman harsashi, suka ɗora ta a keken doki. Ran 24 ga Oktoba wani tsohon hafsan sojan Kudu, Alfred Waddell, ya tsaya a babban zauren birni ya ce za su kawar da mulkin baƙi ko da sai sun toshe Kogin Kep Fiya da gawawwaki. Daren jajiberen zaɓe ya gaya wa taro, in sun ga baƙi a wurin zaɓe su kore shi, in ya ƙi su harbe shi.

Ran 8 ga Nuwamba aka yi zaɓe. Baƙaƙe da yawa ba su fita ba, aka kuma cusa ƙuri'un ƙarya a akwatuna. Gwamna Russell kansa, da yake komawa Rali bayan ya jefa ƙuri'a, sai da ya ɓuya a taragon kaya don kada 'Yan Jar Riga su kama shi. Dimokurat suka ci majalisa. Amma magajin gari da kansilolin Wilminton ba sa cikin wannan zaɓe, wa'adinsu bai cika ba, masu nasara kuwa ba su da niyyar jira. Kashegari suka taru a ɗakin shari'a suka yi shela cewa ba za su ƙara zama ƙarƙashin mutanen da asalinsu Afirka ne ba, Manly kuma ya bar gari cikin sa'a 24. Suka kira dattawan baƙaƙe 32 suka ba su zuwa ƙarfe 7:30 na safe su kawo amsa. Dattawan suka rubuta amsa mai taushi, amma lauyan da aka ba saƙon, Armond Scott, ya ji tsoron ratsa unguwar da 'yan bindiga suka cika, sai ya jefa ta a gidan waya. Manly kuwa ya riga ya tsere.

Safiyar Alhamis, 10 ga Nuwamba, Waddell ya ja mutum wajen 500, kafin a jima suka kai kusan 2,000. Suka nufi gidan da injin buga jaridar yake, wani gini na ƙungiyar taimakon juna ta baƙaƙe mai suna Zauren Ƙauna da Jinƙai, kusa da majami'ar Luka Mai Tsarki. Suka farfasa injin, suka sa wa ginin wuta, suka jeru gabansa da bindigoginsu aka ɗauke su hoto. Daga can aka gangara unguwar Buruklin inda ma'aikata baƙaƙe suke zaune, aka fara harbi. Mai binciken gawa na hukuma ya rubuta mutum 14. Kwamitin da jiha ta kafa bayan shekara ɗari ya ce za su iya kai 60, waɗansu masana kuma suna ganin sun fi haka nesa. Ba Bature ko ɗaya da ya mutu. Kafin faɗuwar rana aka tilasta wa magajin gari da kansiloli su yi murabus ɗaya bayan ɗaya, Waddell ya hau kujera. Aka tasa ƙeyar shugabannin baƙaƙe da Turawan da suka goyi bayansu zuwa tashar jirgin ƙasa, aka ce kada su ƙara dawowa.

Mata da yara suka gudu cikin fadamu da makabartar baƙaƙe ta Pine Forest, suka kwana cikin sanyi da ruwan sama. Fasto J. Allen Kirk na majami'ar Baftis ta Tsakiya yana cikinsu tare da iyalinsa. Da ya tsira ya rubuta abin da ya gani, har da matan da suka haihu a jeji. Fiye da mutum 2,000 suka bar birnin. Aka aika wa Shugaba McKinley wasiƙu na kuka, bai aiko da soja ba. Ba a hukunta kowa ba.

Mai karanta Littafi Mai Tsarki zai tuna da Nabot, a 1 Sarakuna sura 21. Yezebel ba ta fara da duwatsu ba. Ta fara da wasiƙu, da kiran azumi, da shaidu biyu na banza, domin waɗanda za su jefe shi su ɗauka aikin Allah suke yi. A Wilminton ma haka, kuma nan ne wurin da ya fi ciwo ga masu bi. Ranar Lahadi da ta biyo, a manyan majami'un Turawa, aka yi wa'azin nasara. Fasto Peyton Hoge na majami'ar Firesbiteriya ta Ɗaya ya gaya wa ikilisiyarsa cewa tun rabuwarsu ta makon jiya sun ci birni. Waɗanda aka kashe ran Alhamis kuwa yawancinsu Kirista ne, Baftis da Metodis, masu karanta Littafi ɗaya da nasa. Sai wani fasto baƙar fata a Washinton, Francis Grimké, ya tashi cikin makonnin nan ya yi jerin wa'azi, ya tsawata wa mumbarin Turawa saboda shirunsu a kan zaluncin da ake yi wa mutanensa. Annabi Iliya dai ya tari Ahab a gonar Nabot. A Wilminton ba fasto Bature da aka ji ya tari Waddell a fili.

Bayan kisan, alƙalami ya koma aiki, wannan karo don a wanke masu kisan. Mujallar Collier's Weekly ta Niyok, ran 26 ga Nuwamba, ta ba Waddell kansa fili ya ba da labarin yadda abin ya faru. Zanen da aka sa a bangon mujallar ya nuna baƙaƙe ne riƙe da bindigogi suna harbi. Aka sa wa abin suna "tarzomar launin fata", kamar dai ɓangare biyu ne suka kaure da faɗa, sunan nan kuma ya zauna a littattafan makaranta shekara da shekaru.

Hausawa sukan ce ƙarya fure take yi, ba ta 'ya'ya. Wannan kam ta yi 'ya'ya, masu ita kuma sun ci. A watan Agusta 1900 aka gyara tsarin mulkin jiha: sai wanda ya biya harajin kai, ya kuma iya karatu da rubutu yadda ya gamshi mai rajista, zai jefa ƙuri'a. Domin kada tarkon ya kama Baturen da bai yi makaranta ba, aka ce duk wanda shi ko kakansa yana da ikon zaɓe kafin 1 ga Janairu 1867 an ɗauke masa jarrabawar. Jikan bawa ba shi da irin wannan kaka. Baƙaƙe masu rajista sun kai wajen 126,000 a 1896. A 1902 saura wajen 6,100. George White, ɗan majalisar tarayya baƙar fata daga jihar, ya yi jawabin ban kwana ran 29 ga Janairu 1901, ya ce mutanensa za su sāke tashi wata rana. Majalisar ta yi shekara 28 ba baƙi ko ɗaya a cikinta. Karolina ta Arewa ba ta ƙara zaɓen baƙi zuwa can ba sai a 1992. Simmons ya yi shekara 30 yana sanata. Daniels ya zama minista daga 1913 zuwa 1921, daga baya jakada a Meksiko. Rebecca Felton ita ce mace ta farko da ta zauna a majalisar dattawan Amurka, ko da yake kwana ɗaya tak ta yi, a 1922.

Zanen Jennett bai mutu tare da zaɓen ba. Thomas Dixon, ɗan jihar, wanda ya taɓa zama faston Baftis, ya mai da irin labaran nan littattafan hira, daga ɗayansu kuma aka yi silima mai suna The Birth of a Nation a 1915. A ciki an nuna baƙaƙe suna cusa ƙuri'u a akwati, 'yan majalisarsu kuma suna shan giya a zauren majalisa, wani ya tuɓe takalmi ya ɗora ƙafa a kan tebur. An nuna silimar a fadar Shugaba Wilson, wanda mahaifinsa ya taɓa zama faston majami'ar nan ta Firesbiteriya a Wilminton. A ƙarshen shekarar aka farfaɗo da ƙungiyar Ku Klux Klan.

Dokar kare haƙƙin zaɓe ta 1965 ta karya jarrabawar karatun a Kudu, amma tsohuwar dabara ta sami sabuwar riga. A 1990 Harvey Gantt, baƙar fata na farko da ya zama magajin garin Shalot, ya nemi kujerar sanata Jesse Helms. Ana saura kwanaki kaɗan zaɓe sai aka saki talla a talabijin: hannuwan Bature suna murƙushe takardar da ta ce bai sami aiki ba, murya kuma tana cewa an ba wani aikin saboda launinsa. Ba dodo, ba fikafikai, amma saƙon ya isa inda aka aike shi. Helms ya ci.

A shekara ta 2000 majalisar jiha ta kafa kwamitin bincike, ya ba da rahoto a 2006, ya tabbatar cewa abin da ya faru juyin mulki ne da aka shirya tun da wuri. A wannan shekara News and Observer ta nemi gafara a fili, jam'iyyar Dimokurat ta jiha ta bi sahu a 2007. A watan Yuni 2020 zuriyar Daniels suka sa aka sauke gunkinsa daga dandalin da yake fuskantar tsohon ofishin jaridar a Rali.

Cikin waɗanda aka kashe akwai wani magidanci mai suna Joshua Halsey, wanda aka harbe kusa da gidansa, aka binne shi a Pine Forest ba ko alama. Waɗansu mutanen birnin suka yi ta bin tsofaffin takardun makabarta har suka gano kabarin, suka kuma nemo zuriyarsa a jihohi dabam dabam. A watan Nuwamba 2021, shekara 123 bayan mutuwarsa, aka ɗauko ƙasa daga inda gidansa yake a dā, aka ratsa gari da ita a keken doki, aka yi masa sujadar jana'iza, aka kafa dutse mai ɗauke da sunansa.